Ku Daina Yi Wa 2go Kukan Ƙarya

Akwai wata magana da ta kama bakin 'yan shekara talatin da ɗoriya a Sakkwato, wai zamanin 2go shi ne lokacin da zumunta take zumunta. Zauna a kowace majalisa ta Ƙofar Dundaye bayan isha'i, kafin mai shayi ya kwashe kofunansa sai wani ya jefo ta: "Wanga zamani ya ɓaci, mu lokacinmu na 2go da kunya aka hira." Na kusa da shi ya tuno da BBM, wani ya tuno da kiran dare na MTN, daga nan a haɗu a tsine wa TikTok a watse. In ka tsefe maganar, da'awa biyu ce a ciki. Ta farko, wai mutanen wancan lokaci sun fi tarbiyya. Ta biyu, wai manyan kamfanonin Amurka ne suka murƙushe 2go da ƙarfin kuɗi, suka raba mu da abin da muke so. Na ga zamanin da idona, kuma duka biyun ban yarda da su ba.

Ɗalibai biyu na Jami'ar Witwatersrand da ke Johannesburg, Alan Wolff da Ashley Peter, su suka ƙirƙiro 2go a 2007, da farko don ɗalibai su riƙa duba jadawalin darasi. A gida Afirka ta Kudu, manhajar hira ta Mxit ta riga ta cika fili, sai a Najeriya 2go ta sami masu so. A 2012 kamfanin ya ce masu amfani da ita a ƙasar nan sun haura miliyan 9, a lokacin da masu Facebook ba su kai haka ba. Dalilin bai da wuyar ganewa. Ƙaramar manhaja ce da take hawa kan Nokia mai madannai, irin su 2700 da C1, ba ta cin data da yawa, alhali kowane saƙon tes ɗaya kuɗi ne. Da katin naira ɗari sai saurayi ya raba dare yana hira. Rashin kuɗi ne ya haɗa mu da 2go.

Su wa suka cika ta a garin nan? 'Yan makaranta. Hanyar Dundaye ita ce take kai mutum mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, kuma ɗaliban can, da na Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, da manyan 'yan sakandare, su ne 'yan 2go na asali. Ku tuna shekarun. A watan Satumba na 2010 ambaliya ta cinye gadar da ta haɗa gari da jami'a. A 2013 malaman jami'o'i suka tafi yajin aiki tun daga Yuli har Disamba. Yaro yana gida, ba aji, ba sana'a, tuwon dare na jiransa a ɗakin mahaifiyarsa, abin da ya dame shi kawai inda zai yi cajin waya. Yau shi ne mai gida, ga kuɗin makarantar yara, ga buhun shinkafa da ya gagari albashi, ga surukai. Yaya ba zai ga da ta fi ba? Ƙuruciyarsa yake kewa, lokacin da wani ke ɗauke da nauyinsa, sai ya laƙaba wa wata manhaja ta Afirka ta Kudu.

Batun kunya kuwa, a ji tsoron Allah. Wanda duk ya shiga ɗakunan hira na 2go da tsakar dare ya san abin da ake rubutawa a ciki, kuma ba zai so 'yarsa ta karanta ba. A can ne ƙato mai gemu yake buɗe shafi da sunan mace, ya manna hoton 'yar fim ɗin Indiya, ya yi ta karɓar katin waya a hannun samari. A can ne ake ƙara wa kai shekaru ko a rage, ɗan Gidan Igwai ya ce shi a Abuja yake. Iyaye sun ƙwace wayoyi saboda 2go, an yi rikicin aure saboda 2go, malamai sun hau mumbari sun yi wa'azi a kanta da irin kalmomin da ake yi wa TikTok yau. Waɗanda aka yi wa wancan wa'azin su ne yanzu suka karɓi sandar suna dukan ƙannensu. Su ne kuma suke raba wa juna lambobin satar data na Opera Mini, suna hawa intanet ba su biya kowa ba, ba wanda ya tsaya tambayar halaccin abin. Har lalacewar rubutun Hausa da suke kuka da ita, su suka fara: "slm", "ykk", "lfy lau", duk daga kan madannan Nokia suka fito.

Abubuwan da suka girgiza jama'a ma ba su jira TikTok ba. A 2007 wani bidiyo na wata 'yar fim ya bazu a Kano daga waya zuwa waya ta Bluetooth, har aka dakatar da ɗaukar fim na watanni. A Yulin 2012 aka yaudari wata ɗaliba, 'yar wani janar mai ritaya, ta hanyar abota a Facebook, aka kira ta Legas aka kashe ta a ɗakin otel. A Agustan 2014, lokacin cutar Ebola, saƙon ƙarya ya zaga ƙasar nan cikin dare ɗaya ta tes da BBM da kiran waya, wai a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Mutane suka tashi da asuba suna dama gishiri, wasu suka kwana a asibiti, aka ba da rahoton mutuwar aƙalla mutum 2. Wannan shi ne zamanin da ake ce mana na hankali ne.

Ana kuma zargin manhajojin yau da cewa an gina su don su riƙe mutum ya kasa ajiye waya. Gaskiya ne. To tauraron 2go fa? Matsayinka yana hawa ne gwargwadon awannin da ka kwashe a kai, daga Novice har ka kai Master da Ultimate. Samari suna barin waya a kunne su yi barci don tauraro ya ƙaru, batir ya kumbura, a kai wa mai gyara. Magana a ɗakin hira kuma sai da GoCredits, waɗanda kamfanin yake sayarwa ana cira daga katinka. Ashe dabarar cinye wa matashi lokaci da kuɗi tsohuwa ce, na yau sun fi ƙwarewa ne kawai.

Sai da'awa ta biyu, wai kashe ta aka yi. Ba wanda ya sa wa ɗan Sakkwato wuƙa a wuya ya ce ya bar 2go. Daga wajajen 2013 wayoyin Android masu araha, musamman Tecno, suka cika shaguna. WhatsApp ba ta neman ka roƙi kowa sunan da yake amfani da shi. Duk wanda lambarsa ke wayarka, ga shi nan. Hoto yana tafiya da kyau, rukuni kyauta ne, ba tauraro, ba GoCredits. 2go an ɗinka ta ne daidai jikin Nokia mai madannai, kuma kafin ta gyara zama a kan sababbin wayoyi jama'a sun yi gaba. Dandalin zumunta kamar kasuwar ƙauye yake: ranar da masu saye suka koma wani fili, ko rumfarka ta fi ta kowa kyau sai ka naɗe tabarma ka bi su. Ka shiga 2go ka ga abokanka uku kacal a kunne, gobe biyu, jibi kai ma ba ka dawo ba.

Da kuɗi ke riƙe mutane, da Google+ tana nan. Kamfanin Google da duk dukiyarsa ya buɗe ta a 2011, ya tura wa mutane ita ta kowace kafa, ya rufe ta a Afrilun 2019. Kamfanin News Corp ya sayi MySpace dala miliyan 580 a 2005, ya sayar da ita wajen dala miliyan 35 a 2011. Ita kuwa WhatsApp, lokacin da Facebook ya saye ta dala biliyan 19 a 2014, ma'aikatanta 55 ne, kuma ta riga ta kwashe mutane kafin cinikin. BBM da hannunta ta yanka kanta. Ta kulle ƙofa ta ce sai mai BlackBerry da kuɗin rajistar wata-wata, ba ta buɗe wa masu Android da iPhone ba sai Oktoban 2013, bayan kowa ya sami wurin zama. Aka rufe ta ranar 31 ga Mayu, 2019. Mxit, wadda ta hana 2go sakat a gida, ta sanar da tsayar da kasuwancinta a 2015. Ciwo ɗaya ya ci BBM da Mxit da 2go: waya ta canza, su ba su canza da wuri ba.

Amma abin da ya fi ci mini rai a wannan kewa shi ne wanda ba a faɗa. 2go dandalin masu karatun boko ne. Sai ka iya karanta umarni da Turanci, ka iya danna madanni ɗaya sau uku don ka fitar da harafi ɗaya. Mahaifiyarka ba ta ciki. Malamin zaure da ya haddace Alƙur'ani yake rubutu da ajami ba ya ciki. Manomin albasa na Wurno ko Goronyo, da dillalin shanu na kasuwar Achida, da mai kabu-kabu, da matar kulle mai sana'ar ƙuli-ƙuli, duk suna waje. A jihar da mafi yawan manya ba su yi zurfi a boko ba, wannan ba ƙaramin shinge ba ne. A Agustan 2013 WhatsApp ta kawo saƙon murya, danna ka riƙe ka yi magana, sai shingen ya faɗi. Yau manomi yana jin farashin buhu a kasuwannin kudu kafin ya loda mota. Mace tana cikin ɗakinta tana sayar da atamfa da turaren wuta ga wadda ba ta taɓa gani ba. Tsohuwa tana jin muryar ɗanta da ke ci-rani a Legas ko Agadas, ba sai ta nemi yaron maƙwabta ya karanta mata ba. Karatun tafsirin azumi yana isa ƙauye a daren da aka yi shi.

Mun ga nauyin abin a Satumban 2021, da aka katse layukan waya a Zamfara da ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato saboda 'yan bindiga. Waɗanda suka fi jin jiki 'yan kasuwa ne, da masu POS, da iyalan da ake turo wa kuɗin cefane, har mutane suna yin tafiya mai nisa don su sami inda za su kira 'yan uwa. Da a zamanin 2go aka yi haka, da yawancin abin da za a rasa hirar dare ce.

Saboda haka idan ɗan boko ya ce da akwai kunya, sau da yawa abin da ke ransa shi ne da mu kaɗai ne. Yana jin zafin ganin mai wankin mota ya fi shi mabiya a TikTok, yana magana da Sakkwatancinsa tsantsa, dubbai suna saurare. Ba na wanke TikTok. Akwai zagin iyaye a ciki, akwai bara da tsiraici, akwai yaran da ba su kai a ba su waya ba, kuma na'urar da ke zaɓo wa mutum bidiyo ta fi tauraron 2go haɗari nesa ba kusa ba. A yi wannan faɗan da hujjarsa, iyaye su san abin da ke hannun 'ya'yansu. Amma wanda ya fara da ƙaryar cewa nasa zamanin tsarkakakke ne, yaro ba zai saurare shi ba, don yaran nan suna jin labarin abin da yayyensu suka yi.

In ana neman abin yi wa kuka na gaske, akwai. Rubutun ne ya tafi. A 2019 MySpace ta amsa cewa ta rasa waƙoƙi wajen miliyan 50 da mutane suka ɗora tsakanin 2003 da 2015. Zaurukan Yahoo, inda marubuta da masana irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu suka yi shekaru suna muhawara a kan fina-finai da adabin Hausa tun farkon shekarun 2000, an rufe su ranar 15 ga Disamba, 2020. A garin nan kuwa, rubuce-rubucen Shehu Usmanu da Abdullahin Gwandu da Sarkin Musulmi Bello da Nana Asma'u suna nan a kan takarda, ana karanta su a zaure, ana adana su a Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu, wasunsu sun haura shekara 200. Abin da muka rubuta a 2012 kuwa ba mai iya nuna shi.

Yanzu haka akwai littattafan hikaya da matan arewa ke rubutawa a rukunonin WhatsApp, da tarihin unguwanni da zuri'a da ake zubawa a Facebook, da karatun malamai da babu shi ko'ina sai a wayoyin almajiransu. Ranar da waɗannan kamfanoni suka ga babu riba, za su rufe kamar yadda na baya suka rufe, ba kuma za su yi shawara da kowa a Ƙofar Dundaye ba. Marubuci ya kwafe aikinsa ya buga a takarda. Almajirai su tattara karatun malamansu a wuri fiye da ɗaya. Sashen nazarin harsunan Najeriya na jami'armu da Cibiyar Waziri Junaidu su buɗe ma'ajiyar da za ta karɓi irin waɗannan, tun masu su suna raye.