Wanda Ya Yi Faci, Ya Sauya Lamba

Lokacin da nake SIWES a wani kamfanin manhaja, kwana uku na yi ina fama da abu ɗaya: aiki yana harhaɗuwa lafiya lau a kwamfutar ogana, a tawa kuwa ya ƙi. Har na fara zargin kaina.

Ashe wani ma'aikaci da ya daɗe da barin wurin ne ya yi wa wani fulogin na Maven faci, wato ɗan ƙarin da ake jona wa manhajar da ke harhaɗa kod ɗin Java. Gyaran nasa ba laifi. Laifin shi ne ya bar lambar sigar yadda take, ya riƙa raba wa mutane a filashi. Kwamfutar oga tana ɗauko mai facin daga ma'ajiyarta ta .m2, tawa kuma ta sauko da na asali daga Maven Central. Suna ɗaya, lamba ɗaya, ciki daban.

Ni dai a ganina wannan sakaci ne. In ka taɓa kayan wasu, ka ba shi sabuwar lamba, ka ajiye a rumbu ɗaya kamar Nexus, sannan duk ma'ajiyoyin kod na kamfanin su karanta lambar daga fayil ɗin pom guda. Ka rubuta dalilin facin, ka kuma tura wa masu fulogin ɗin. In sun karɓa, ka huta da sake yinsa duk sabuwar siga.

Wasu za su ce ɓata lokaci ne. To, 'yan ajinmu masu furojet, rukuni nawa ne yanzu haka aikinsu ba ya tashi sai a laftof ɗin mutum ɗaya?