RIJIYA MAI WARIN FETUR: A BINCIKI TANKUNAN GIDAJEN MAI

Jama'a, duk wanda ya zauna a Agege ko Idi-Araba a Ikko, ko kuwa Sabo ta Badun, ya san ruwan famfo ba abin dogara ba ne. Rijiya da burtsatse su ne gatan talaka, kuma da yawa daga masu haƙa rijiyoyin da 'yan garuwan da ke kai ruwa gida-gida mutanenmu ne. Saboda haka ran da rijiya ta ɓaci, mu ne za mu fara jin wari, mu ne kuma za a fara zargi.

Kowane gidan mai da kuke gani a bakin titi yana da manyan tankuna binne a ƙarƙashinsa, tsofaffin kuwa na ƙarfe ne. Ƙasar Kudu ga danshi ga yawan ruwan sama, ƙarfe kuwa ba ya shiri da laima. A kwana a tashi tsatsa takan huda tankin, ko mahaɗin bututun da ke kai mai zuwa famfon sayarwa ya saki. Sai man ya riƙa tsiyaya ba mai gani, ya ratsa ƙasa har ya tarar da ruwan da rijiyoyi ke sha. Da yake fetur bai kai ruwa nauyi ba, sai ya kwanta a samansa, wani kuma ya narke a ciki, ya bi gangaren ruwan ya ɓulla a rijiyar maƙwabta.

Kada wani ya ce ai wari ne kawai. A cikin fetur akwai wani sinadari mai suna binzin, wanda likitoci suka tabbatar yana jawo sankarar jini. A shekarar 2011 ma'aikatan Majalisar Ɗinkin Duniya da suka binciki ƙasar Ogoni sun tarar da binzin a rijiyoyin Nisisioken Ogale, a Jihar Ribas, ya ninka iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yanka fiye da sau 900, ga kuma mai kwance a kan ruwan ƙasa kaurin santimita 8. Mutanen Baruwa da ke Ipaja a Ikko su ma tun shekarun 1990 rijiyoyinsu suka fara kawo fetur. Gaskiya ne waɗannan biyu daga bututun mai ne, amma man da ya tsere daga tanki hanya ɗaya yake bi.

To, yaya ake gane mai laifi? Ba da zargi ko hayaniya ba, bincike yana da ƙa'ida. Da farko a duba littafin gidan man: abin da tankar mai ta sauke, da abin da aka sayar, da abin da sandar awo ta nuna kullum. In kullum ana samun giɓi, akwai magana. Sa'an nan a rufe tankin da bututunsa a gwada su a ga ko suna yoyo. Bayan haka a huda ramuka kewaye da wurin, a ɗebi ƙasa daga zurfi daban-daban, a ɗebi ruwa, a kai ɗakin gwaji. Zurfin ruwa a ramukan shi zai nuna inda yake gangarawa, watau daga ina man ya taso, ina kuma ya dosa. Wani lokaci sai a ga mai gidan man ba ruwansa, tankin janaretan wani ne. Ashe binciken gata ne ga kowa.

Mutanen Amurka sun sha wannan wahala kafin mu. A 1988 suka kafa doka, suka ba masu gidajen mai wa'adin shekara 10 su gyara tsofaffin tankuna, ko su sauya su, ko su rufe. Mu ma muna da hukumar NOSDRA mai kula da malalar mai tun 2006, ga NMDPRA mai ba gidajen mai lasisi tun 2021. Roƙonmu gare su shi ne kada a sabunta wa kowa lasisi sai ya nuna shaidar gwajin tankinsa, wanda tankinsa ya yi ɓarna kuma ya biya kuɗin gyara, ya ba unguwa ruwan sha kafin a gama.

Saura mu. Wasunmu kan ce mu baƙi ne, nema ya kawo mu, ina ruwanmu da ƙara? Ai barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. In ka ji warin fetur, ko ka ga maiƙo a saman guga, daina sha, daina sayarwa, ko da cinikin yini zai tafi. Alif ba ya cire shi, tafasawa ma ba abin dogara ba ce. Mai haƙar rijiya kada ya shiga irin wannan rami, tururin kan shaƙe mutum, ashana ɗaya kuma ta isa ta tashe shi. A je wurin Sarkin Hausawa, a haɗa kai da 'yan gari, tun da rijiya ɗaya muke sha, a rubuta wa ƙaramar hukuma da hukumomin nan takarda, a ajiye kofe.

Allah ya tsare mu da iyalanmu, amin.