Kuɗin Gida Ba Shi Ne Ƙarshen Lissafi Ba

A Fagada, da sauran garuruwan da ke tsakanin Jega da Aliero da Maiyama, akwai wata ɗabi'a wadda ta kamata a yaƙe ta kamar yadda aka yaƙi jahilci. Watau mutum ya sayar da albasarsa ko shinkafarsa, ya ƙirga abin da ya samu, ya taya gida da shi duka, bai rage ko kwabo ba. Ran da aka sallama masa sai ya ga kamar ya gama, alhali kuwa ran nan ne ɗawainiya ta ke farawa.

Da fari akwai la'adar dillali, sa'an nan takardar ciniki wadda shaidu da mai gari za su sa wa hannu. Tun da aka kafa dokar ƙasa ta 1978, fili a ƙauye ba ya canja hannu bisa ƙa'ida sai da yardar ƙaramar hukuma, neman yardar kuwa yana da nasa kuɗi. Wanda ya yi ƙyashin wannan, musamman in gidan gado ne, wata rana wani magaji zai komo daga ci-rani ya ce ba da saninsa aka sayar ba. A gaban alƙali za a kashe ninkin abin da aka ƙi kashewa.

Na biyu gyara. Da wuya mutum ya gyara gida sa'an nan ya sayar. Soro yana son yaɓe, gara ta ci azara, indararo ya karye, masai ya cika. Ambaliyar 2020, wadda ta rushe gidaje masu yawa a Jihar Kebbi, ta isa ta koya wa kowa cewa ginin ƙasa ba ya jiran mai shi ya sami kuɗi.

Na uku tarewa. Kuɗin mota ya hau tun da aka janye tallafin mai a ranar hawan sabuwar gwamnati, 29 ga Mayu, cikin 2023. Rumbu kuwa ba ya ƙaura, sai an gina sabo.

Amma duk abin da ya fi muni shi ne walimar fariya. Mutumin da ba shi da kuɗin yaɓe sai ya ci bashi ya yanka rago, don kada a ce wane ya fi shi. Baƙi su ci su watse, damina ta zo ta iske shi da iyalinsa suna tarar ruwa da ƙwarya a tsakar ɗaki. Daga nan sai jinginar da gona, wanda ya rasa gona kuwa gidan ma ba zai daɗe a hannunsa ba.

Wasu za su ce walima godiya ce ga Allah, arziki kuma nasa ne. Gaskiya ne. Amma fura da goro da addu'ar maƙwabta sun isa godiya. Aya mafi tsawo cikin Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, umurni ta yi da rubuta bashi da kafa shaidu wajen ciniki. Ashe lissafi ba rashin tawakkali ba ne.

Wanda ya iya karatu da rubutu ba shi da sauran hanzari. Ya ɗauki fensir tun kafin ya ga dillali, ya jera waɗannan abubuwa ɗaya bayan ɗaya, ya sa abincin iyali da iri da taki a kansu. In goma gare shi, kada ya taya gidan da ya wuce bakwai. In ba ta isa ba, ya haƙura, ya kuma tuna albasa ba ta da daraja lokacin da kowa ke cirewa. Ba a fafe gora ranar tafiya.