Akalar Ma'aikaci Tana Hannun Ubangida

Jama'a, wannan mako za mu ajiye zancen haraji da kuɗin rumfa, mu tsallake teku zuwa Ostireliya. Wani zai ce ina ruwan mai awon gero da Ostireliya? To, akwai ruwansa. Yau akwai 'ya'yan Nijeriya a can, nas-nas da makanikai da injiniyoyi, waɗansunsu kuwa kuɗin jirginsu daga kasuwa ya fito, uwa ta kwashe adashinta, uba ya sayar da fili. Wanda ya zuba jarinsa a hanya, ya kamata ya san inda ramin hanyar yake.

Ga yadda abin yake. A ce ɗanka makaniki ne, wani mai gareji a can ya tsaya masa, ya shiga ƙasar da biza ta wucin gadi mai lamba 482. In ya yi shekara 2 yana wannan aiki, ubangidansa yana iya neman a ba shi takardar zama ta dindindin, mai lamba 186. Kafin Nuwamba 2023 shekara 3 ake yi. Takarda biyu ake kai wa Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida. Ta fari ta ubangida ce, inda zai nuna lalle yana bukatar ma'aikacin, aikin zai ɗore aƙalla shekara 2, kuma yana da halin biyan albashi irin wanda ake biyan ɗan ƙasa. Yana biyan gwamnati dala 3,000 ta Ostireliya in kamfaninsa ƙarami ne, dala 5,000 in babba ne. Ta biyu ta yaron ce, ya nuna bai kai shekara 45 ba, ya ci jarrabawar Turanci, lafiyarsa kalau, ba shi da laifi a wuya. Kuɗin tasa takardar ya kusa dala 5,000, ban da na matarsa da 'ya'yansa.

To, in ma'aikata ta ƙi fa? Akwai afil, watau ɗaukaka ƙara. A nan sai mu faɗi gaskiya ko da kan baƙo ne: suna da kotu ta musamman wadda aikinta ke nan, ta sake duba hukuncin ma'aikatan gwamnati tun daga tushe, ta karɓi sabuwar shaida, in ta ga an yi kuskure ta mayar wa ma'aikata da takarda ta ce a gyara. Tun 1976 suna da irinta, ana ce mata AAT. A Disamba 2022 Antoni-janar Mark Dreyfus ya ba da sanarwar za a rushe ta, domin a cewarsa gwamnatin da ta gabata ta cika ta da 'yan jam'iyyarta. Ashe ciwon nan ba a garinmu kaɗai yake ba! Ran 14 ga Oktoba 2024 sabuwa ta fara aiki, sunanta ART. Mu da iyayenmu 'yan Sawaba suka sha ɗauri tun daga 1950 don talaka ya sami bakin magana gaban mai mulki, ba za mu raina kotun da ke iya ce wa babban ma'aikaci ka yi kuskure ba.

Amma ku saurara ku ji inda gizo ke saƙa. Sau da yawa ba yaron ne ke faɗuwa ba, takardar ubangida ce ake ƙi. Ko a ce cinikin garejin bai isa biyan albashin ba, ko akawunsa bai aika da lissafin da aka nema ba, ko an taɓa kama shi da tauye haƙƙin ma'aikata. Abin da ya ci Doma kuwa ba ya barin Awe, in takardar ubangida ta faɗi ta yaro ta faɗi ke nan, ko da shi ne gwanin gwanaye. Sa'an nan doka ta ce ƙarar takardar ubangida, ubangida ne kaɗai ke da ikon ɗaukaka ta. Yaro yana iya kai ƙarar tasa bizar, ya biya kuɗin kotu, amma in ubangida bai kai tasa ba, ko ya kai ya janye, ko ya sayar da garejin, ko ya karye, to alƙali ba shi da abin da zai yi sai ya tabbatar da ƙin. Ba ya iya kawo wani sabon ubangida ya liƙa wa tsohuwar takarda, domin a 2017 Kotun Tarayya ta yanke cewa irin wannan biza a ɗaure take da takardar da aka nemi ta da ita, sau ɗaya tak.

Ku 'yan kasuwa kun san wannan hali. Kamar baƙo ne ya sauka gidan fatoma da shanunsa, aka sami fatoman da laifi, sai aka kama shanun baƙo, aka kuma ce masa ba shi da bakin magana gaban alƙali sai in fatoman ya ga dama ya je ya yi masa. Wane irin adalci ke nan? Mutumin da ya san ranar da ya ɓata wa maigida rai ita ce ranar da za a janye ƙara, yaya zai buɗe baki ya ce an rage masa albashi, ko an sa shi aikin dare ba lada? Zai yi shiru ne, ya ce ranka ya daɗe. Wannan shi ne raƙumi da akala, sai dai an rubuta shi da Turanci mai kyau an buga masa hatimi.

Ba mu ce ba a taɓa gyara ba. Daga 1 ga Yuli 2024, mai biza 482 da ya rabu da ubangidansa yana da kwana 180 ya nemi wani, alhali dā kwana 60 ne. Madalla. Ƙasar da a 1901 ta kafa dokar yi wa baƙo shifta ta kalma 50 cikin kowane harshen Turai da ma'aikaci ya ga dama, don kawai a hana baƙar fata da mutanen Asiya shiga, ba ta jefar da shiftar ba sai 1958, lalle ta yi tafiya. Amma saura ƙiris ɗin nan shi ne babba. Ra'ayin wannan jarida shi ne, wanda zamansa da makarantar 'ya'yansa suka rataya a kan takarda, a ba shi ikon kare wannan takarda da bakinsa. In ubangida ya gudu ana tsakiyar shari'a, a bar ma'aikaci ya kawo wani ya ci gaba daga inda aka tsaya, kada a ce ya koma farko da sabon kuɗi, wataƙila kuma shekara 45 ta riga ta cim masa yana jira.

Kafin a yi wannan gyara, ga abin da za ku gaya wa naku da ke can. Ya ƙidaya kwana. Wanda ba a tsare yake ba kwana 28 gare shi daga ranar da aka sanar da shi, kotu kuwa ba ta da ikon ƙara masa ko yini ɗaya. In ta imel aka aiko, doka ta ɗauka ya karɓa a ƙarshen ranar da aka aika, ko ya buɗe ko bai buɗe ba. Kuɗin ƙara ya haura dala 3,000, ana mayar da rabi in ya ci nasara. Kafin ya biya, ya zauna da ubangidansa ya ga shaidar cewa shi ma ya shigar da tasa. Ya kuma san akwai abin da afil ba ta gyarawa: in ranar da ya miƙa takarda bai ci jarrabawar Turanci ba, ko shekarunsa sun wuce, cin jarrabawa daga baya ba ya wanke shi. Jira kuwa yakan wuce shekara, yana zaune da biza ta riƙon ƙwarya.

In kuwa wani dillali ya zo rumfarka ya ce a kawo miliyan kaza za a saya wa yaro ubangida, ka kore shi. Tun Disamba 2015 doka ta hana saye da sayar da tsayawa, mai karɓa da mai bayarwa duka suna cikin laifi, ana iya soke bizar yaron a kan haka.

Wanda ya faɗi a ART yana da kwana 35 ya tafi kotun tarayya, amma can ba a sake duba ko ya cancanta, sai dai ko an karya ƙa'idar shari'a. Bayan wannan sai roƙon Minista, wanda doka ta ba shi ikon jin ƙai amma ba ta tilasta masa ko ya karanta takardar ba. A 2008 an hana wani likita Bajamushe da ke aiki a garin Horsham na jihar Biktoriya takardar zama, don ɗansa yana da lalurar galahanga, aka ce kula da shi zai ci wa gwamnati kuɗi. Ya yi afil ya faɗi. Mutanen garin suka tashi, jaridu suka ɗauka, sa'an nan Minista Chris Evans ya sa hannu ya ba iyalin zama a watan Nuwamba na shekarar. Likita ke nan, Bature, wanda gari guda ke bukatarsa. Ɗanka makaniki da ke kwance ƙarƙashin mota a bayan gari, wace jarida ce za ta buga hotonsa?