Ina waya ta uku?

Duk wanda zai sayi gida ko ya kama haya a Yamai, Maradi, Damagaram ko Tawa ya san abin da ake dubawa. Ana duba takardar fili, a ɗaga kai a dubi rufi ko yana yoyo, a leƙa makewayi, a murɗa famfo, sannan a kunna ƙwan lantarki. Da ƙwai ya kama, sai dillali ya ce wuta lafiya lau, a ƙirga kuɗi, a shafa fatiha. Ba mai tambayar waya ta uku, alhali ita ce ke tsakanin iyalin mutum da makara.

Wutar da NIGELEC ke kawowa gidaje volt 220 ce, kuma waya biyu sun isa su kunna ƙwai su juya fanka. Ta ukun, mai launin tsanwa da ɗorawa, wadda masu aikin wuta ke kira "ter", ba ta kunna kome. Tana tashi daga kowane piriz ta tafi ga wata sandar ƙarfe da aka kafa cikin ƙasa, zurfin mita 2. Ranar da wayar cikin firigo ko dutsen guga ta goge ta taɓa jikin ƙarfe, sai wutar ta bi ta nan ta sauka ƙasa, na'urar katse wuta kuma ta yanke nan take. In babu ita, wutar tana nan kwance a jikin firigo tana jiran hannun farko. Jiƙaƙƙen jikin mutum yana iya ɗaukar miliampa 200 daga wannan wuta, alhali iyakar da aka ɗora don kare rai miliampa 30 ce.

To, me ya sa ake barin ta? Domin gidan da ba ya da ita yana haske daidai da mai ita. Nan ha'inci ya samu wurin ɓuya. Wani mai gini yana sa piriz mai mazaunin waya uku, amma a bayansa biyu kawai aka ɗaura. Wani ya yanke sandar gida biyu don ta ishi gidaje biyu. Wani ya soka guntun rodi cikin rairayi, tsatsa ta cinye shi. In yarinya ta taɓa famfo da jiƙaƙƙen hannu ta faɗi, sai a taru a ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Ajali gaskiya ne, amma wanda ya karɓi kuɗin waya uku ya ja biyu, sunansa maha'inci.

Binciken kuwa ba gagara ba ne. A kwance piriz biyu ko uku a ga ko wayar tana ɗaure. A bi ta har gindin sanda a ga ko mahaɗinta bai ci tsatsa ba. A auna sandar da na'ura: a ƙa'idar Faransa, NF C 15-100, inda babban makatsi ke yanke wuta a miliampa 500, awon bai kamata ya wuce om 100 ba. Kuma a yi awon da rani, domin ƙasar rairayi in ta bushe ba ta karɓar wuta kamar da damina. A ɗakin wanka a tabbata an haɗe bututun ƙarfe, tukunyar ruwan zafi da ƙarfen ƙofa da waya guda zuwa sanda, don kada mai wanka ya zama gada tsakanin ƙarfe biyu. A ƙarshe a danna maɓallin gwaji na makatsin miliampa 30. In bai yanke ba, ado ne kawai.

Za a ce ƙasa ce ta talakawa, mafi yawan jama'a ma ba su da wutar. Gaskiya ne. Amma mai gidan da ya iya shimfiɗa karo har tsakar gida, ya kafa ƙofar ƙarfe mai ado, ba talauci ya hana shi sayen sanda ɗaya ba. A Faransa, tun dokar 1972 ba a haɗa sabon gida da wuta sai da shaidar hukumar Consuel. Daga 2009 kuma, mai sayar da gidan da wayoyinsa suka wuce shekara 15 dole ya miƙa takardar bincike. Turawa ba su fi kowa son ƴaƴansu ba.

Abin da ke bayan kwantar nauyin mai gida ne, don haka shi za a riƙe. Ɗan kasuwar da ba ya karɓar buhun gero sai ya soka hannu ciki, da ma'aikacin da zai zuba rabin albashi a haya, kada su biya ko dala sai an nuna musu sanda an auna ta gabansu. Magadan gari kuma su sa takardar awon cikin sharuɗɗan gini da na haya. Dillalin da ya fusata don an tambaye shi waya ta uku, ya riga ya ba da amsa.