Lantarkin Iska a Gabashin Sakkwato: Auna Maslaha da Mafsada

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, manomin rani a fadamun Wurno, Rabah da Goronyo ya shiga ƙunci, domin injin ban-ruwa ba ya tashi sai da fetur. Albasa da tafarnuwa da shinkafa kuwa ba su jiran farashi ya sauko. Wannan ya sa wasu ke kira a koma ga iska. Wajibi ne mu auna maganar da ma'aunin maslaha da mafsada kafin mu karɓe ta.

Maslahar a fili take. Iska ni'ima ce da ba a saye, ba ta hayaƙi, ba ta ƙarewa. Arewa mai nisa tana cikin sassan da suka fi iska a Nijeriya, kuma iskar hunturu tana kaɗawa daidai lokacin noman rani. Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta gwada injin iska mai kilowat 5 a ƙauyen Sayya Gidan Gada, hujja ke nan cewa abin mai yiwuwa ne a ƙasar Sakkwato.

Amma mafsadar ma ba ƙarama ba ce. Iska ba ta da alkawari. Masana sun tabbatar cewa idan gudunta ya ragu da rabi, ƙarfin da take bayarwa yakan koma kashi ɗaya cikin takwas. Saboda haka lantarkinta yana buƙatar batir, shi kuwa batir tsada gare shi, kuma zafinmu yana rage masa kwana. Ƙurar hunturu tana cin ƙarafa, kayan gyara sai an shigo da su, ga kuma 'yan bindiga da suka addabi yankin.

Ya ishe mu wa'azi abin da ya faru a Lambar Rimi ta Jihar Katsina. An tsara injuna 37 da za su ba da megawat 10, aka ba kamfanin Vergnet na Faransa aikin. A Disamba 2012 aka sace injiniyansa Francis Collomp a Rimi, kuma aikin ya haura shekara 10 bai kammala ba. Dukiyar jama'a amana ce, zuba ta inda ba a tanadi tsaro da masu gyara ba almubazzaranci ne.

Ra'ayina shi ne a fara da ƙarami. Famfon da iska ke juyawa kai tsaye, yana ɗaga ruwan rijiya zuwa tanki, ba ya buƙatar batir, domin tankin shi ne ma'ajiya: ranar da iska ta kwanta a sha abin da aka tara jiya. Maƙera da masu walda na garuruwanmu za su iya koyon gyaransa. Kafin a kafa ko ɗaya, a auna iskar wurin tsawon shekara guda, a haɗa shi da na hasken rana inda ya dace, a kuma damƙa shi ga ƙungiyar manoma mai asusun gyara.

Muna kira ga shugabannin ƙananan hukumomin nan uku su nemi shawarar jami'a kafin su saurari ɗan kwangila. Allah Ya sa mu dace, amin.