Labarin da Ba na Soyayya Ba: Wane Laƙabi Za Mu Ba Shi?

A wannan makon za mu leƙa wani fagen rubutu da da yawa daga cikinmu ke karantawa a waya, wasu ma har sun fara gwada alƙalaminsu a ciki. Muna nufin fanfik, wato labarin da mai sha'awar wani fim ko littafi ko zanen katun ke ƙirƙira da taurarin da wani ya riga ya samar. Ka gama kallon Naruto, ko ka kammala Harry Potter, zuciyarka ba ta gamsu ba, sai ka ɗauki taurarin ka ɗora musu labari naka.

Rubutawa ba ita ce kaɗai wahalar ba. Bayan an gama, dole a laƙaba wa labarin bayanin da zai nuna wa mai nema abin da ke ciki. A nan ne marubucin da labarinsa ba na soyayya ba yake tsayawa yana sosa ƙeya.

Mu ɗauki babbar taskar irin waɗannan labarai, Archive of Our Own, wadda aka fi sani da AO3. Ƙungiyar sa-kai mai suna Organization for Transformative Works, wadda aka kafa a 2007, ita ke tafiyar da ita. An buɗe taskar ga jama'a a 2009, kuma a 2019 ta ci kyautar Hugo. Duk wanda zai ajiye labari a can zai tarar da rukuni 6 da zai iya zaɓa daga ciki. Biyar daga cikinsu suna bayani ne kan irin alaƙar da ke tsakanin taurarin, musamman wa ke son wa. Guda ɗaya tak, mai suna Gen, shi aka ware wa labarin da babu soyayya a ciki, ko kuma akwai amma ba ita ce ginshiƙi ba.

Ku lura da wannan rabon. Abota, zumunci, biyayyar ɗalibi ga malami, yaƙi, binciken laifi, barkwanci, maraici, duk an tara su a akwati guda. Kamar ka shiga kasuwa ne ka tarar an ware wa atamfa layi biyar, sannan hatsi da takalma da magani da littattafai suna cunkushe a rumfa ɗaya mai suna “sauran kaya”. Tsarin ya fito ne daga tarihin masu wannan rubutu, inda labarin soyayya ya daɗe yana rinjaye. A FanFiction.net, wadda ta fara tun 1998, abin ya ɗan bambanta: marubuci na zaɓar jigo har biyu, kuma abota da iyali suna da gurbinsu kamar yadda soyayya take da nata.

Akwai tarko guda biyu da sababbin marubuta ke yawan faɗawa.

Na farko shi ne alamar da ake sawa tsakanin sunaye biyu. Karkataccen layi, wato /, yana nufin soyayya. Wannan al'ada ta samo asali ne a shekarun 1970, daga masu sha'awar shirin Star Trek da ke buga labaransu a ƙananan mujallu. Alamar & kuwa tana nufin alaƙar da ba ta soyayya ba: aboki da aboki, wa da ƙani, uwa da ɗa, malami da ɗalibi. A ce ka rubuta labari mai taɓa zuciya kan yadda malam Iruka ya riƙe maraya Naruto kamar ɗansa. Idan ka sa & tsakanin sunayensu, ka faɗi gaskiya. Idan ka yi kuskure ka sa /, to ka shelanta wa duniya abin da ba ka rubuta ba, kuma ba ka taɓa nufi ba. Masu neman labarin uba da ɗa za su tsallake ka, waɗanda suka shigo kuma wani abu daban suka zo nema.

Tarko na biyu shi ne ɗaukar cewa Gen na nufin labarin ya dace da kowa. Ba haka ba ne. Matakin shekaru wani akwati ne daban: akwai na kowa da kowa, na matasa zuwa sama, na manya, na tsantsar manya, da wanda marubuci bai tantance ba. Sunan matakin farko a Turance ya yi kama da Gen, shi ya sa ake rikicewa. Labari na iya zama babu ko kalmar so ɗaya a cikinsa, amma cike yake da zubar da jini da mutuwa. Don haka mai karatu, musamman ku ƙannenmu, a duba abu uku kafin a buɗe: rukuni, matakin shekaru, da gargaɗin da aka sa. Taskar ba ta yara zalla ba ce, akwai abubuwan manya da yawa a cikinta. Buɗe labari ba tare da karanta laƙabinsa ba cinikin biri a sama ne.

To, ina labarin da ke tsaka-tsaki? A nan ne gardama ta fi zafi. Mu koma ga misalinmu. A ce Naruto ya girma, ya auri Hinata kamar yadda ya faru a asalin labarin, amma naka labarin kan ziyarar da ya kai wa tsohon malaminsa ne, Hinata kuwa sau ɗaya ta fito ta yi masa sai ka dawo. Wasu marubutan kan sa sunan ma'auratan da / don sun san soyayya ta fi jan jama'a. Mai neman labarin ma'auratan zai karanta shafi goma yana jira, ya tashi a tutar babu, kuma ba zai sake yarda da sunanka ba. Shi kuma mai neman labarin malami da ɗalibi, wanda ya tace bincikensa ya cire na soyayya, ba zai taɓa ganin naka ba. Ka yi biyu babu.

Ma'aunin da muke ba da shawara mai sauƙi ne. Zare soyayyar daga labarin a zuciyarka. Idan labarin ya rushe, na soyayya ne. Idan yana nan tsaye da ƙafafunsa, Gen ne, sai ka ambaci auren a cikin ƙarin laƙabi, ka nuna cewa a gefe yake. Sannan tunda Gen ba ya faɗin abin da ke ciki sai abin da babu, kai ne za ka cike giɓin: rubuta “abota”, “'yan uwantaka”, “maraici”, “rayuwar makaranta”. Tun 2021 taskar ta ƙayyade laƙabi 75 ga kowane labari, amma biyar na gaskiya sun fi hamsin na talla.

Kada mu ɗauka wannan matsalar Turawa ce kawai. Mu ma mun san yadda laƙabi ke danne littafi. An daɗe ana kiran adabin kasuwar Kano da sunan “littattafan soyayya” gaba ɗaya. Amma Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, labarin matar da miji ya kora da 'ya'yanta ne, ta koma sayar da abinci don ta riƙe su. Wanda ya guje shi saboda laƙabin ya yi asara. Yau ma masu sa labaran Hausa a Wattpad kan manna kalmar soyayya ko da labarin na gado ne ko na rikon maraya. Suna linzami ne: inda ka ja, nan mai karatu zai bi.

Aikin gida na wannan makon: ɗauki littafi ɗaya da ka karanta a aji ko a gida, ka ba shi laƙabi biyar na gaskiya, ka miƙa wa abokinka ba tare da faɗin sunan littafin ba. Idan ya gane shi, ka iya aikin. Idan bai gane ba, sake zama.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.